Awon ciki a wani asibitin kuɗi na Gusau

A cikina na uku na koma yin awo a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke Tudun Wada a Gusau, kuma abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda ungozomar wurin take zaunar da mace ta fahimtar da ita ranar haihuwar da aka rubuta mata a kati. A haihuwata biyu na baya rana kawai ake rubuta mini, idan ta wuce kuwa sai hankalin kowa a gida ya tashi.

Zuwana na farko ta tambaye ni ranar da na fara ganin al'adata ta ƙarshe, ta ce daga nan ake ƙirga kwana 280, wato mako 40. Da yake mu da watan sama muke lissafi, ta nuna mini cewa wannan ya kai kusan wata tara da rabi, shi ya sa iyayenmu kan ɗauka ciki ya zarce alhali bai zarce ba. Ta ce, "Hajiya, wannan ranar ƙiyasi ce, mata kaɗan ne suke haihuwa a cikinta daidai, kuma daga mako 37 zuwa 42 duk lokacin haihuwa ne." Wannan bayanin ne na kai wa surukata, har ta daina matsa mini da jiƙe-jiƙe.

Ta kuma bambance mini ciwon marar da ke zuwa ya lafa idan an huta, da naƙudar gaskiya wadda take ɗaure baya da mara, tana dawowa a kai a kai, tana ƙara ƙarfi da kusantar juna. Idan faya ta fashe, ko aka ga jini, ko motsin yaro ya ragu, ko ciwon kai mai tsanani ya zo da dishi-dishin gani, ta ce kada a jira gari ya waye.

Sai dai ɗakin hoton ciki bai kai wannan matsayi ba. A wata na takwas mai hoton ya rubuta mini wata rana dabam, wadda ta saɓa wa hoton da na yi a mako na 12 da kusan mako biyu, bai kuwa ce mini uffan ba. Kwana uku na yi cikin zullumi kafin ungozomar ta ce da hoton farko ake aiki, domin na ƙarshen ciki yana iya kuskure har da mako uku. Bai dace a sallami mai tsohon ciki da takarda irin wannan ba tare da bayani ba. Layin awo ma yana da tsawo, kujerun kuma ba sa isa.

Na wuce ranar katina da kwana biyar, naƙuda ta kama ni bayan sallar isha, maigida ya kai ni, kuma a hannun ungozomar nan na sauka lafiya kafin asuba.