Gidan waya da masu babur na kamfani: abin da na gani wajen aika kayan sana'ata

Sana'ata sayar da atamfa, leshi da mayafai. A Kantin Kwari nake sarowa, in ɗora hotuna a WhatsApp da Instagram, masu saye kuma suna ko'ina: cikin Kano, Kaduna, Abuja, wasu har Legas da Fatakwal. Duk mai irin wannan sana'a ta san ciniki bai faɗa ba sai kaya sun shiga hannun mai su lafiya. Na yi hulɗa da gidan waya na gwamnati, na kuma yi da kamfanoni masu zaman kansu da yaransu masu babura. Maganar da ke bakin kowa ita ce ma'aikacin gwamnati malalaci ne, na kamfani kuma jarumi. Abin da idona ya gani bai tafi a haka ba.

'Yan'uwana masu sana'a da yawa ba su taɓa taka gidan waya ba, wasu ma sun ɗauka an rufe shi tun da wayar hannu ta kashe rubuta wasiƙa. NIPOST, wato hukumar gidan waya ta Najeriya, tana nan. Tun 1985 aka raba tsohuwar hukumar wasiƙu da tarho ta P&T gida biyu, NITEL ta tafi da tarho, NIPOST ta riƙe wasiƙu da ƙunshin kaya, kuma tana da sashen gaggawa da ake kira EMS. Idan kin kai kaya sai an buɗe an ga abin da ke ciki, a ɗora a sikeli, a rubuta, a ba ki rasit mai lambar bibiya. Dattijon da na fi tararwa ba ya barina in wuce sai ya ce, "Hajiya, lambar yankin fa?" A wurinsa na san cewa kowane yanki a Najeriya yana da lamba mai alƙaluma shida, ta birnin Kano tana farawa da 700, ta Kaduna 800, ta Abuja 900. Da farko na ga kamar ana ja min rai. Daga baya na gane wannan bin diddigin ne ya sa ban taɓa rasa ko ƙyalle a hannunsu ba.

Masu kai kayan nasu ma haka suke. Wata kwastomata a wani ƙaramin gari a Jigawa ta kira ni tana mita, wai mutumin ya ƙi ba ƙaninta kayan, ya ce sai mai sunan ta zo da katin shaida ta sa hannu. Na ce mata, "'Yar'uwa, ai gata ya yi miki." Garin nan kuwa kamfanonin da na tuntuɓa duk cewa suka yi ba su da ofis a can, sai dai ta shigo Dutse ta karɓa. Gidan waya ne ya je, domin aikinsa ne ya isa inda babu riba.

Sai dai kada ki je musu da gaggawa. Lokacin aikin gwamnati suke bi, ƙarfe takwas zuwa huɗu, kuma albashin ma'aikaci ba ya ƙaruwa don ya kai kaya goma maimakon biyar. Ba ya gudu, ba ya kuma yi miki ƙaryar yana gudu. In biki ranar Asabar ne, ankon ƙawayen amarya ba na kai wa can ba ne ranar Laraba.

Masu babur kuwa, a nan zan daɗe, domin su nake gani kullum. Tun 2013 aka hana ɗaukar fasinja a babur a birnin Kano, don haka matashin da ke neman abinci da babur yanzu kaya yake goyawa, da akwati a baya. Wallahi suna aiki. Na ga wanda ya zo ƙofar gidana da azumi a bakinsa, cikin zafin watan Afrilu, leɓensa a bushe, ya ɗauki kaya daga Gwammaja zuwa Hotoro, ya dawo min da kuɗin cinikin cif, ko naira ba ta yi ciwon kai ba. Suna ɗaga waya bayan isha'i. Suna shiga lungun da A Daidaita Sahu ba ya shiga. Kayan da aka yi oda da hantsi sukan isa kafin la'asar, kuma wannan saurin ne ya raya ƙananan sana'o'in mata irin tawa.

Amma akwai halayen da suka zame musu jiki, kuma suna ci min rai. Na farko shi ne "ga ni nan na kusa". Mutum yana Naibawa zai ce ya iso Zoo Road. Yakan tara saƙon mutum biyar ko shida kafin ya tashi, wadda aka ce wa awa ɗaya sai ta yi rabin yini tana jira, ni kuma take kira tana faɗa. Wani ba zai ƙarasa gidan ba, sai ya ce, "Hajiya ki turo yaro bakin titi." Wani ya ajiye wa mai shagon kan layi ya wuce, babu sa hannu, babu shaida. Akwai kuma mai ce wa kwastoma ta ƙara masa kuɗin mai bayan na riga na biya kuɗin kai kaya. Wannan ya fi komai ɓata min suna, don ita gani take ni ce na ha'ince ta.

Da na fara zama ina tambayarsu yadda ake biyansu sai na gane inda halin ya samo asali. Yawancin waɗanda na zanta da su a kan kowane saƙo ake ba su wani abu, ko ɗan albashi kaɗan da kamasho. Wasu su ke sayen mai. Wasu babur ɗin ma ba nasu ba ne, balas suke kaiwa kullum ko an samu ko ba a samu ba. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Kuɗin kai saƙo bai bi ta a wannan tashin ba, domin kwastoma ba za ta yarda ta biya kusan kuɗin mayafi a kan kawo mayafi ba. Ma'aikacin gwamnati yana da mafi ƙarancin albashi da doka ta tsayar, naira 70,000 tun 2024, yana da fansho. Yaran nan da na tambaya babu mai takardar ɗaukar aiki a hannu.

Abin da ya fi tsaya min a rai ya faru ne da damina. Na ba wani kamfani leshin lefe, ruwan Agusta ya kama yaron a hanya, murfin akwatinsa kuma a fashe yake, ya ce ya sha faɗa wa ofis. Leshin ya jiƙe, jan launin ledar ya zuba a jikinsa. Na kai ƙorafi, suka biya ni ba gardama, har na yaba musu. Bayan kwana biyu yaron ya zo ɗaukar wasu kayan, ya gaishe ni a ladabce, ya ce, "Hajiya, a kuɗina aka cire." Akwatin na kamfani, asarar ta yaro. Tun ranar ban ƙara ba su aiki ba, shi kuwa yaron har yau ina kiransa kai tsaye.

Masu karɓar kaya ma suna da nasu. Adireshi shi ne "bayan masallacin Juma'a, gida mai baƙin get", alhali layin kaf baƙin get ne. Mai babur zai iso a ce Hajiya tana wanka, ko ana neman almajirin da zai fito ya karɓa, ya yi rabin awa a rana. Ma'aikacin gidan waya in ya tsaya haka bai yi asarar komai ba. Shi wannan saƙo guda ya kufce masa.

NIPOST ce ke ba kamfanonin kai saƙo lasisi. A 2020 da aka sanar da ƙarin kuɗin lasisin, jama'a suka yi ca, ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya sa aka dakatar. Ina fata duk ranar da aka sake buɗe maganar lasisi a sa inshorar kaya, hular kwano da takardar aikin mai babur cikin sharuɗɗa, kada a tsaya a kan kuɗi kawai.

A yanzu ga yadda nake raba aikina. Kaya masu tsada da ba na gaggawa ba, da na ƙananan garuruwa, gidan waya nake kai su. Na cikin Kano masu babur nake ba wa, in naɗe komai a leda biyu, in sa kwastoma ta turo taswirar gidanta ta WhatsApp kafin yaro ya tashi, in kuma gaya mata in ta tsayar da shi fiye da minti goma za ta biya shi na jira. Sabon kamfani kuwa, kafin in miƙa musu ko yadi ɗaya sai na tambayi manajan wa ke biya idan kaya suka lalace, kuma daga aljihun wa.