Kawar da gora daga lambun gida: tono, sara ko maganin feshi?

Gorar da aka dasa don shinge ko inuwa a gidajen Zuru, Yawuri ko Birnin Kebbi takan cika wuri bayan 'yan shekaru. Ta matsi katanga, ta hana kayan lambu rana, macizai kuma su samu mafaka a gindinta. Kafin ka fitar da kuɗi, ka san cewa ran gora a ƙasa yake. Dangin ciyawa ce, kuma abincinta yana ajiye a cikin kututture mai kauri da ke ƙarƙashin ƙasa, wanda kowane gutsurensa mai ido zai iya sake tohowa. Duk hanyar da ba ta kashe wannan kututturen ba asarar kuɗi ce. Sauƙin abin shi ne, gorar da ta fi yawa a yankinmu dunƙulewa take wuri guda, kuma yawancin kututturen bai wuce zurfin santimita 30 zuwa 50 ba.

Idan faɗin gindin bai wuce taku biyu ba, tono ya fi komai. Kayan aikin su ne adda, gatari, diga da shebur, sai dogon ƙarfe na ɓanɓara idan da hali. A sare sandunan a bar kamar kamu ɗaya a sama don a samu abin riƙewa, a haƙa rami kewaye da gindin, sannan a riƙa datsa kututturen da gatari ana ciro shi gunduwa-gunduwa daga waje zuwa ciki. Wajen sayen diga a duba ƙota, domin ita ke fara karyewa. Wadda maƙeri ya sa wa icce mai tauri ta fi ta kanti daɗewa. Kada a yi aikin a tsakiyar rani, lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas. A jira ruwa ya sauka sau biyu ko uku a watan Yuni. In leburori za a ɗauka, a yi jinga da sharaɗin cewa sai an ga kututture a waje za a cika kuɗi, domin mai gaggawa zai sare daidai da ƙasa ya rufe da turɓaya, bayan makonni kaɗan toho ya leƙo. Gutsattsarin da aka ciro a shanya su a rana saiwa na kallon sama, kada a zubar a bola mai laima.

Sara kaɗai shi ne mafi araha, amma yana cin lokaci. Ana sare komai, duk tohon da ya fito a karya shi kafin ya buɗe ganye, har abincin da ke ƙasa ya ƙare. Yakan kai damina biyu ko uku, kuma in aka yi sakaci wata guda ganye ya buɗe, an koma baya.

Babban gindi da ya manne wa katanga, sokawe ko bututun ruwa, inda tono zai yi ɓarna, shi ne wurin magani. A nan ne mutane suka fi yin kuskuren saye. Kada ka tsaya ga sunan kamfani, ka juya kwalbar ka karanta sinadarin: glyphosate kake nema, mai ƙarfin giram 360 a lita, irin su Roundup, da lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jiki. Shi ne ke bin ganye ya gangara har kututture. Paraquat, wanda aka fi sani da Gramoxone, ƙone ganye kawai yake cikin kwana ɗaya ko biyu, a ɗauka an gama, alhali gindin na nan da ransa, ga shi guba ce mai tsanani ga mutum. Shi kuwa 2,4-D da manoman shinkafa suka saba da shi, na ciyawa mai faɗin ganye ne, ba ya yi wa gora komai.

Ba a fesa wa doguwar gora magani, iska ce za ta kai shi kan mangwaro da albasa. A sare ta tukuna, a bar sabon toho ya kai ƙugu ya cika ganye, sannan a zuba kamar mililita 300 na glyphosate a famfon feshi na lita 16, sai dai in takardar kwalbar ta faɗi wani ma'auni. Ruwan haɗin ya zama garau. Ruwan kududdufi ko na fadama mai laka yana kashe ƙarfin maganin, domin maganin yana liƙe wa ƙasar da ke cikin ruwan. Wasu masu cewa an sayar musu da jabu a nan suka faɗi. A fesa da safe bayan raɓa ta bushe, babu iska, kuma babu alamar hadari na awa shida. Ganye zai fara rawaya cikin mako ɗaya zuwa biyu. Feshi ɗaya ba ya isa, a sake duk lokacin da sabon ganye ya fito. A sa safar hannu, takunkumi da takalmin roba, a ɗaure awaki don suna son ganyen gora, kuma kada a wanke famfo kusa da rijiya. Ko ta mutu, kututturen yana nan, sai dai tono ya yi sauƙi bayan ya fara ruɓewa.

Gishiri da baƙin mai ƙasar lambun suke kashewa. Wuta kuma sama take ci, gaɓoɓin na fashewa suna watsa tartsatsi, abin tsoro ne a lokacin hunturu kusa da rumbu ko danni.

Sandunan da suka ƙosa kada a ƙone su. Masu rumfa, masu tsani da masu kafa wa doya sanda suna saye, kuma kuɗin kan rage wani abu daga jingar leburori. A sare su a ware kafin a fara feshi.