Gutsuren burodi a Rasha da dakarun kwasar hatsi

Duk baƙon da ya bar gutsuren burodi a faranti a gidan abincin talakawa na birnin Sanpitasbag, zai iya shan harara daga tsohuwar da ke kwashe kwanuka, wani lokacin har da faɗa a gaban jama'a. Abin da ciwo ga wanda ya saba ganin ana zuba wa kaji sauran tuwo. Kuma burodin ba tsada gare shi ba. Baƙi ne mai tsami-tsami, farashinsa a rubuce, babu "albarka", babu "ai jiya ya tashi". Gero ma akwai, a leda, tas babu tsakuwa, sai dai ba irin namu ba ne, furarsa sai haƙuri.

Masu cewa daga gida ai a Rasha gwamnati ke ciyar da kowa, to an taɓa gwadawa, kuma mutanen nan sun sha yunwa a lokacin, tun kafin yaƙin Hitila.

A Mayun 1918 gwamnatin Lenin, jagoran 'yan kwaminisanci, ta tura ma'aikatan birni da bindigogi ƙauyuka su kwaso duk hatsin da ya wuce cin gida. A Yuni aka kafa kwamitocin talakawan ƙauye masu nuna rumbun maƙwabci. A Nuwamba aka haramta kasuwanci. A Janairun 1919 aka kawo tsarin da ya ƙarasa ɓarnar: Masko za ta lissafa abin da soja da birane ke buƙata, ta raba wa larduna, lardi ya raba wa gundumomi, har ya sauko kan ƙauye. Lissafin daga cikin mai ci ya taso, ba daga gona ba. In ƙauye bai cika kasonsa ba, sai a haɗa da iri. Ladan kuwa takardar kuɗi ce da ba ta sayen ko gishiri. Me manomi zai yi? Ya rage shuka, ya binne wani a rami, ya dafa giya da saura.

Birni ya bushe. Sanpitasbag, da ake kira Fetirogirad a lokacin, daga mutum fiye da miliyan 2 ya koma wajen 720,000 a 1920. Abin da ya raya saura shi ne 'yan buhu, masu maƙalewa a jirgin ƙasa su kai tufafi ƙauye su dawo da gari. Fiye da rabin abincin birane ta hannunsu ya shigo, amma su ake tsarewa a shingen bincike ana ƙwace buhunansu.

Kasuwa ba ta hanuwa sai da bulala. A Titin Gorohobaya mai lamba 2, inda yanzu gidan tarihi ne, nan Cheka ta fara zama, 'yan sandan cikin da aka kafa a Disambar 1917. Ranar 5 ga Satumba 1918 aka halatta mata harbi da tsare mutane a sansanoni.

Manoman lardin Tambof sun yi bore a 1920, aka murƙushe su har da iskar guba. Sojan ruwan sansanin Kuronishtat da ke kusa da Fetirogirad, waɗanda suka taya Lenin juyin mulki, suka bi a Maris 1921. A watan ne Lenin ya sauka daga dokin naƙi: haraji sananne tun kafin shuka, fud miliyan 240 maimakon miliyan 423 na tsarin kwasar hatsi (fud guda wajen kilo 16), abin da ya rage manomi ya sayar. An makara. Fari ya tarar babu iri babu ajiya, mutum kusan miliyan 5 suka mutu, sai da ƙungiyar agajin Amurka ta ciyar da wajen miliyan 10.

Mu fa ba ma ji. A 1984 a Najeriya soja sun fasa sito sun sayar da kaya a farashin gwamnati, aka wayi gari ana layin madara da sukari. Har yau da mudu ya tashi sai ka ji ana cewa a fasa sitocin Dawanau, ba mai tambayar kuɗin taki.

Lenin ya saki kasuwa, amma bai saki baki ba. Taron jam'iyyar kwaminisanci da ya soke kwasar hatsi shi ya haramta ɓangaranci a cikinta. A 1922 Cheka ta sake suna kawai, aka loda malamai da marubuta a jirgin ruwa daga Fetirogirad aka kore su zuwa Jamus.