Famfon feshi na goyo ya taimake mu ranar gobarar daji

Jama'a wannan famfon feshi mai lita 16 da na saya a wani shago kusa da babbar kasuwar Maradi don maganin ƙwarin wake, wallahi ban taɓa zaton zai yi mana wani aiki daban ba. Ƙarshen damina na je wajen kawuna can gefen Gadabeji, dajin nan da aka kai raƙuman dawa a 2018, sai hadari ya taso ba ruwa, tsawa ta faɗa kan wani busasshen icce, ciyawa ta riga ta bushe ga iska, kafin ka ce kwabo wuta ta kama tana nufo garken shanu. Ni na goya famfon ina jiƙa bakin wutar, yara na bina suna bugu da ɗanyen reshe, da haka muka tare gefenmu.

Feshinsa na da ƙarfi, tiyon bai yoyo. Amma igiyar kafaɗar siririya ce, sai da ta saɓule min fata, kuma ruwan ba ya daɗewa, dole wani ya riƙa ɗauko bido. Babbar wuta kam ya yi mata kaɗan. Na sake sayen ɗaya na aika wa kawu.