Masu sayen tsofaffin sulallan azurfa na Turai, ku kula da wannan mutumin

Salam jama'a, dan Allah duk mai tara tsofaffin kuɗi ya tsaya ya karanta, musamman ƴan uwa da ke nan Ingila. Wata uku da suka wuce wani ya turo min hotunan groat guda biyu, wato wani tsohon sulen azurfa na Ingila, na zamanin Sarki Henry na shida, wai shi ya tono su a wata gona da injin gano ƙarfe, yana neman kuɗi da gaggawa shi yasa zai karya farashi. Na tura masa fam 140 ta banki.

Da suka iso wallahi a ido sun yi kyau, ga kan sarki da kambi, a baya ga gicciye da ɗigo uku uku, har da rubutun VILLA CALISIE alamar a garin Calais aka buga su. Sai da na ɗora kan sikeli gabana ya faɗi. Groat na wancan lokacin giram 3.9 ne in bai ci ba, tunda an rage nauyinsa a 1412, in ya sha hannu ma ƙasa yake yi. Nawa kowanne ya haura giram 5.

Na jera su gefe da gefe, sai ga tsaga iri ɗaya a wuri ɗaya, inda rubutu ya goge a wannan nan ya goge a wancan. Kuɗin nan fa da guduma ake buga su ɗaya bayan ɗaya, ba yadda za'ai biyu su fito kamar an tsaga kara har da tabo. Zubi ne kawai aka yi, in ka sa gilashi a bakin zaka ga siririn layi inda mazubin ya haɗu da ƴan ramuka kamar kumfa. Ina masa magana yai bulokin ɗina.

Abinda yafi ƙona min rai, labarin gonar kansa ya isa ya farkar da ni. Dokar 1996 a nan ta ce sulallan azurfa biyu ko fiye da suka haura shekara 300 in an tono su tare dole a kai rahoto cikin kwana 14, ban ko tambaye shi takarda ba.

Jiya na sake ganin hotunan nan da wani sunan daban, yanzu har ya ƙara da gros tournois, wani tsohon sulen azurfa na Faransa. Kar wanda ya tura masa ko sisi sai ya ga hoton kuɗin kan sikeli da hoton bakinsa kusa kusa.