Hattara da masu sayar da "izinin hoto" na bogi ga masu zuwa ganin dalolin Masar

Assalamu alaikum. Na yi wannan rubutu ne saboda mutumin da ya cuce mu, ni da Baffana, har yanzu shafinsa na nan yana talla, suna kawai ya sauya da hoton fuskar shafin. Duk mai shirin zuwa Masar ganin kayan tarihi, musamman masu son ɗaukar hoto irina, don Allah ya karanta, ya kuma tura wa na kusa da shi.

Baffa malamin tarihi ne, ya yi ritaya. Shekara da shekaru yana zana wa ɗalibai dalar Kufu, mafi girma a dalolin Giza, a allo, yana gaya musu cewa ta haura shekara 4,500 a duniya, tsawonta na asali mita 146, an jera ta da duwatsu kimanin miliyan 2.3, amma bai taɓa ganinta da idonsa ba. Da Allah ya hore mini, na ce sai na kai shi. Ni kuma burina in dawo da hotunan da zai rataye a ɗakinsa.

A Facebook na ci karo da shafin. Hotunan da ke ciki sai wanda ya gani: rana tana ɓullowa ta bayan dalolin Giza babu ko mutum ɗaya a filin, wani yana tsaye tsakanin ƙafafun gunkin Abul Hauli mai jikin zaki da kan mutum, wasu kuma an ɗauko su ta sama. Na yi magana, nan take ya mayar da ni WhatsApp. Hausa yake yi tsantsa, kuma abin da ya kwantar mini da hankali ke nan. Ya ce ya daɗe a Alkahira, yana da mutane a ma'aikatar kula da kayan tarihi, yana fitar wa 'yan uwa abin da ya kira "izinin hoto na musamman". Da wannan takarda, a cewarsa, za a buɗe mana filin Giza da asuba kafin jama'a, in shiga da babbar kyamara, in tayar da ƙaramin jirgin hoto maras matuƙi, mu ɗauki hoton gawar Fir'auna a gidan tarihi, mu kuma shiga duk kabarin da muke so a Kwarin Sarakuna da ke Luksor. Dalar Amurka 220 kowannenmu.

Da Baffa ya nuna shakku, sai ya aiko masa saƙon murya. Har yanzu yana cikin wayata. "Baba, ai ni ɗanka ne. Wallahi don girmanka ma na rage. In na cuce ka ina zan kai alhakinka?" Baffa ya saurara sau biyu, ya ce da ni, "Ɗana, yaron nan da alama yana da tarbiyya, tura masa." Na tura. Sunan da ke kan asusun daban yake da nasa, ya ce na abokin aikinsa ne. Ya kuma nemi hoton fasfo ɗinmu don a sa sunayenmu a takardar, shi ma na tura.

Bayan kwana biyu takardar ta iso ta waya. Ga tambarin mikiya a sama, ga Larabci layi-layi, ga hatimi shuɗi guda biyu, ga sunayenmu da lambobin fasfo, ga lambar nan mai ɗigo-ɗigo da ake haskawa da waya. Na buga ta a takarda mai kauri, na sa a leda.

Ranar da aka yi da mu, muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Muka tarar da ƙofa a garƙame, sai 'yan sanda da sanyi. Na kira mai shafin, waya a kashe. Muna tsaye sai ga wani mutum ya nufo mu, ya kira sunana cikakke, ya kira na Baffa, har da nuna mana hoton fasfo ɗina a wayarsa. Ya ce shi aka turo, an samu manyan baƙi yau don haka ba za a buɗe wannan ƙofa ba, amma zai zagaya da mu ta cikin rairayi a kan raƙumi, sai dai mu ƙara kuɗi. A nan jikin Baffa ya ba shi. Ya riƙe hannuna ya ce ba inda za mu je, mu jira a buɗe.

Aka buɗe a lokacin da aka saba buɗewa, ga kowa da kowa. Na miƙa takardar a wurin sayar da tikiti. Ma'aikacin ya duba gaba, ya juya baya, ya haska lambar, ba ta buɗe komai ba. Ya kira wani na sama da shi, shi ma ya karanta, ya girgiza kai, ya ce babu wata takarda mai wannan suna a wurinsu, bai taɓa ganin irinta ta gaskiya ba domin ba a yin ta. Ya miƙo mini abata. Na juya na kalli Baffa, dattijo mai shekara kusan saba'in, ya fi awa biyu a tsaye, ya sa sabbin kayansa saboda hoto. Bai ce da ni komai ba sai "Innalillahi. Sayi tikitin, mu shiga." Wannan shirun nasa ya fi kuɗin ciwo a raina.

Da na nutsu na bi abubuwan da mutumin ya sayar mana ɗaya bayan ɗaya, sai na gano inda dabararsa take. Duk hajarsa iri biyu ce: ko dai abin da tuni kyauta ne, ko kuma abin da doka ta hana, wanda babu takardar WhatsApp da za ta halatta shi.

Ɗaukar hoto da wayar hannu a wuraren tarihi da gidajen tarihi na Masar kyauta ne tun watan Agustan 2019, in dai ba ka kunna walƙiya ba. A 2022 gwamnati ta ƙara sassautawa, ta ce mai ɗaukar hoto don kansa a wuraren jama'a ba ya buƙatar izini, sai dai sharuɗɗa irin su kada ka ɗauki yara, kada ka ɗauki babba ba da yardarsa ba. Masu fim da hoton kasuwanci su ne ke neman izini, kuma ta ofis ake bi. Inda ake karɓar wani abu saboda kayan aiki, a tagar tikiti ake biya, a ba ka shaida a hannu. Tikitin kansa a ƙofa ake saye ko a shafin ma'aikatar yawon buɗe ido da kayan tarihi, kuma tun 2023 manyan wurare irin su Giza da katin banki ake biya, ba tsabar kuɗi ba. Saboda haka duk wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce ba shi kuɗi a hannu ya karɓo maka, ka san inda ya dosa.

Kwarin Sarakuna ma haka. Kaburbura sun haura 60, amma ba duka ake buɗewa ba, kuma tikiti na gama-gari kabari 3 yake ba ka. Na Tutankamun, wanda aka gano a 1922, da na Seti na Ɗaya, kowanne da nasa tikitin daban. Maganar "duk kabarin da kake so" romon baka ne kawai.

Gawar Fir'auna kuwa, da ita ya fi kama mutanenmu, domin ya san kowa na son ya gani ya ɗauki darasi, ya kuma nuna wa na gida. Gawawwakin suna nan. A watan Afrilun 2021 aka kwashe 22 daga tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir zuwa gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ, har da ta Ramsis na Biyu da ta ɗansa Marnabta, waɗanda mutane suka fi dangantawa da ƙissar Annabi Musa. Da tikitin shiga za ka gan su, mun kuwa gani. Amma a wannan zauren an hana hoto, masu gadi na tsaye suna lura da hannun kowa.

Yanzu ga ɓangaren da ya sa na kasa yin shiru. Asarar kuɗi ana mayarwa. Abin tsoron shi ne takardar tana sa mutum ya aikata laifi da gaba gaɗi, yana zaton yana da kariya. Jirgin hoto maras matuƙi a Masar, dokar 2017 ta ce ba a shigo da shi, ba a mallaka, ba a tayarwa sai da izinin ma'aikatar tsaro, kuma hukuncin ya kai ɗaurin shekara 1 zuwa 7. Wani abokina ya ara mini nasa saboda wannan tafiya. Nauyin kaya ne kawai ya sa na bar shi a daren da za mu tashi. Duk lokacin da na tuna cewa saura kaɗan in tsaya a filin jirgin Alkahira da shi a jakata, ina nuna wa jami'ai takardar jabu mai tambarin gwamnatinsu, sai gabana ya faɗi.

Mai raƙumin nan bai ƙyale mu ba. Muna zagaya bayan dalar Kafre sai ga shi kuma, da fara'arsa, yana cewa in hau layi uku ko huɗu na duwatsun zai ɗauke ni hoto, ai muna da izini. Hawan dala laifi ne. Gyaran da majalisar Masar ta yi wa dokar kayan tarihi a 2019 ya tanadi ɗaurin da bai gaza wata 1 ba, ko tarar fam na Masar 10,000 zuwa 100,000, ko duka biyun. Da na ƙi, sai ya kama hannun Baffa ya danƙa masa wani ɗan dutse, kamar girman dabino, mai zane-zane a jiki, ya ce tsaraba ce daga cikin kabari, ya ba da abin da ya sauwaƙa. Baffa ya buɗe tafin hannunsa, ya ƙi rufewa, har mutumin ya ɗauke abinsa. In na jabu ne, an cuce ka. In na gaske ne, ka ɗauko wa kanka shari'ar fasa-ƙwaurin kayan tarihi. Kuma ba Masar kaɗai ba. A 2022 kotun Iraƙi ta yanke wa wani dattijo ɗan Ingila ɗaurin shekara 15 saboda tsinto 'yan ɓaraguzan tukwane da duwatsu a kufan birnin Eridu. Sai da aka ɗaukaka ƙara aka sake shi, bayan ya shafe watanni a tsare.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Akwai 'yan uwanmu masu yawa a Alkahira, ɗalibai da 'yan kasuwa, masu riƙon amana, ɗaya daga cikinsu ma shi ya raka mu ofishin 'yan sandan yawon buɗe ido ya yi mana tafinta, ko kwabo bai karɓa ba. Buɗe wuri na musamman kafin lokaci ma ana yi, amma ta hannun ma'aikatar da kamfani mai lasisi, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne. Jagora na gaskiya yana da katin lasisi, ka nemi ya nuna maka, ba zai ji haushi ba. Lambar 'yan sandan yawon buɗe ido a Masar ita ce 126.

Mun shigar da ƙara, mun ba da hotunan hirar da lambar asusun. Kuɗin dai ba su dawo ba, mai shafin kuma ya toshe ni a ko'ina. Hoton fasfo ɗinmu yana hannunsa har yau, wannan ma yana damuna.

A makon nan wata 'yar uwa ta turo mini tallarsa, tana tambaya ko na san shi. Hotunan nan ne dai, na fitowar rana da na ƙafafun Abul Hauli, sai dai yanzu ya ƙara tsohon birnin Petra na ƙasar Jodan, yana cewa yana da "Jordan Pass mai rangwame", wato tikitin shiga wuraren tarihin ƙasar, alhali a shafin gwamnatin Jodan ake sayen wannan, kowa da kansa. Saƙon muryar da ya aika wa mahaifiyarta ma na saurara: "Hajiya, ai ni ɗanki ne." Na hana ta turawa. Wanda ya riga ya tura, kada ya goge hirar, kada ya goge shaidar biya, ya sanar da bankinsa yau, kuma kada ya kuskura ya nuna wannan takarda ga wani jami'i a matsayin izini.