Kan tayarod: mai shan giris ko mai Teflon?

Kusan kullum a Panteka, kasuwar kanikawa da kayan gyaran mota, sai an tambaye ni game da kan tayarod, wato mahaɗin sitiyari da tayar gaba: “Oga, wanne zan saka?”

Mai shan giris ƙarfe ne kan ƙarfe. Ya fi araha, kuma yana jure dukan ramuka. Matsalarsa ƙura. Da hunturu ya kama, ƙura ta cakuɗe da giris, sai ta riƙa cin ƙwallon ƙarfen da ke cikinsa kamar samfefa. Na taɓa kwance wani baƙi ƙirin, yana ta girgiɗi a hannuna, raina ya ɓaci. Mai Teflon, wato mai shimfiɗar wata irin roba mai santsi a ciki, ba ya buƙatar giris, ba ya yin ƙara, sai dai tsada, kuma in shimfiɗar cikinsa ta cinye, sai dai sabo.

Direban haya mai leƙa gareji duk mako, mai giris ya ishe shi. Wanda ke mantawa da sabis, gara ya ɗauki mai Teflon.